Lambun gida a Ingila: me ake shukawa da kaka, me ake bari ya huta?

'Yan uwa da suka samu gida mai ɗan fili a baya a Ingila sun yi ta tambaya kan irin lambun nan na ƙauyukan Turawa, wanda za ka ga furanni da kayan miya da ganyen ƙamshi duk a cakuɗe ba layi. Asalinsa ma na talakawa ne da ke neman abin miya a ƙofar gida. Ga amsoshin.

Wai da gaske ana shuka da kaka? Ni na ɗauka sai sanyi ya wuce.

Ana yi sosai ma. Daga Satumba zuwa Nuwamba iska ta fara sanyi amma ƙasa har yanzu da ɗuminta na rani, ga ruwan sama yana zuba ba sai ka yi ta jan bokiti ba, to abin da ka binne lokacin saiwa yake yi a ƙasa shiru, kafin Maris ya zo ya riga ya kafu. Wanda ya jira Afrilu kuwa ya tsaya kallon furen maƙwabta.

Me zan fara sakawa?

Furannin nan masu kai irin na albasa. Dafodil a sa shi Satumba ko farkon Oktoba. Tulif kuma a haƙura sai Nuwamba, saboda akwai wata cutar fumfuna da ke ƙona ganyensa, in ƙasa ta yi sanyi ba ta cika yaɗuwa ba. Zurfin ramin ya kai tsayin kan sau 2 zuwa 3, tsinin ya kalli sama, kuma don Allah kar a jera su kamar sojoji, a watsa su da hannu inda suka faɗi a haƙa a nan, shi ne ke ba lambun kamanninsa.

Gargaɗi ɗaya, kan dafodil kamar albasa yake sak kuma guba ne, kar a ajiye shi a kicin ko inda yara za su ɗauka. Kurege kuma ɓarawon tulif ne na gaske, a shimfiɗa ragar waya kan wurin har su fito.

Ni ba fure nake so ba, abin ci nake so.

To tafarnuwa ce abokiyarka. Oktoba zuwa Nuwamba, ka ɓare ta ɗaya-ɗaya ka binne da tazarar kamar santimita 15, ita sanyin ma take buƙata na makonni kafin kanta ya rarrabu, in ba ta sha sanyi ba sai ta yi dunƙule ɗaya. A cire wajen Yuni ko Yuli. Gara ka sayi iri a shagon kayan lambu da ka shuka ta sufamaket, don wata daga ƙasa mai zafi aka kawo ta, ko ta zo da cuta. Akwai kuma waken nan mai faɗi da ake yin ful da shi, wanda ya zauna Sudan ko Makka ya san shi, irin da ake kira Aquadulce Claudia yana jure hunturu in an shuka ƙarshen Oktoba ko Nuwamba. Tumatir da tattasai da kuɓewa kam a manta da su yanzu, raɓar farko da ta daskare ta gama da su.

Ƙasata yumɓu ce, ruwa na kwanciya, ya zan yi?

Wannan ita ce matsalar Landan da kewaye. A zahiri jiƙa ta fi sanyi kashe shuka a hunturu, kan furen ya ruɓe a rami kana can kana jira. Ka zuba ruɓaɓɓen taki da yawa, ko ka ɗaga kunya, ko kawai ka shuka a tukwane masu huda a ƙasa. Kuma kar ka riƙa taka wurin in ya jiƙe.

Furen wardi fa?

Daga Nuwamba har Maris ana sayar da shi tsirara ba tukunya ba ƙasa, ya fi araha. Jiƙa saiwar a ruwa ka dasa, amma ba ranar da ƙasa ta daskare ba.

In share komai tas ne kafin hunturu?

Nan nake saɓawa da mutanenmu, mu da muka saba tsakar gida sai an ga alamar tsintsiya. Ganyen da ya zubo kan ciyawa da kan hanya a kwashe, yana da santsi kuma yana kashe ciyawa, amma ba a bola za a zuba ba, a cusa a baƙar leda a jiƙa a huda ta a jefar a lungu, bayan shekara 1 ko 2 ya zama taki mai laushi kyauta. Wanda ya faɗa cikin furanni a bar wa tana ta ja shi ƙasa. Busassun kawunan fure ma a bar wasu, tsuntsaye na cin irin. Abin da dole a kwashe a fitar shi ne ganyen wardi mai baƙin tabo, don cutar a jikinsa take kwana. Kuma kafin a cinna wa tarin ganye ko itace wuta, musamman daren 5 ga Nuwamba da ake wasan wuta, a ɗaga a duba, bushiya na shiga ciki ta yi barcin hunturu.

Daliya ta ta yi baƙi dare ɗaya, ta mutu ne?

Ganyen ne ya mutu. Daliya fure ce mai saiwa kamar dankali, asalinta 'yar Meziko ce ba ta son daskarewa. Yanke karan, tono saiwar, a bar ta ta sha iska, a ajiye a kwali a gareji inda ba ya daskarewa har bazara. A kudancin Ingila in ƙasar ba ta riƙe ruwa wasu barinta suke yi su lulluɓe da taki mai kauri, amma a Sikotland ban ba ka shawarar gwadawa ba.