Ƙaramar bindigar .22 ba abin wasa ba ce

A Amurka, inda harbin nishaɗi ya yaɗu, an daɗe ana cewa bindigar hannu mai harsashin .22 (ƙaramin harsashi mai faɗin inci 0.22) ba ta kisa. Ba mamaki: ƙararta kaɗan ce, ba ta fizgar hannu, shi ya sa ake fara koyon harbi da ita.

Amma harsashin nan, da bai kai giram 3 ba, yana huda jiki ya taɓa zuciya ko ƙwaƙwalwa. Abin da ya fi damuna, idan ya bugi dutse ko saman ruwa yakan yi tsalle ya sauya hanya. Mai son tabbatarwa ya karanta gargaɗin jikin kwalin harsashin: galibi yakan ce haɗarinsa na kaiwa mil 1 ko fiye.

Don Allah ku tura wa masu sha'awar harbi.