Bos a wasan gem: wanda ke ba ka wuya daban, wanda ke ba ka tsoro daban

Kalmar bos ta daɗe a bakin Bahaushe. Tun zamanin kallon fim ɗin Indiya a gidan sinima muke cewa "jarumi ya kashe bos", kowa kuma ya san ana nufin shugaban miyagu, mai tarin yara da muguwar dariya. Da yaranmu suka koma wasan gem sai suka tafi da kalmar, amma a can ma'anarta ta ɗan karkace.

A gem, bos shi ne babban abokin gaba da ake girke maka a ƙarshen wani mataki, ba ka wucewa sai ka kayar da shi. Jininsa ya fi na sauran yawa, dukansa ya fi zafi, galibi har kiɗan wasan ke canzawa in ya fito. Ba lallai ya zama mugu ba, wani dabba ne kawai da ke gadin ƙofa. Mugun labari kuwa shi ne wanda duk tafiyar ta ta'allaƙa a kansa. Wani lokaci mutum ɗaya ne ke riƙe da muƙaman biyu, wani lokaci a'a.

Bambancin ya fi fitowa a wasannin da ake kira RPG, inda kake shiga rigar jarumi ka rayu a cikinta: ka tara kuɗi, ka sayi makami, ka ɗauki abokan tafiya, ƙarfinka na hawa mataki-mataki na tsawon awa 40 ko fiye. A shagon gem da ke layinmu a Agege ƙwallo aka fi bugawa, domin mai biyan kuɗin wasa ɗaya ba shi da lokacin doguwar tatsuniya. Masu RPG 'yan tsiraru ne, yawanci masu na'urarsu a gida. Ɗan yayata na cikinsu. Ran nan na same shi yana ta fama da Malenia, wata bos ta Elden Ring, wasan da ya fito a 2022, ga janareta na tari, ga shi an kashe shi ya fi sau ashirin. Na ce tsoronta yake ji? Ya ce, "Haba Kawu, haushinta dai nake ji." Gaskiyarsa. Wuya haushi take haifarwa, tsoro kuwa sai an gina shi tun daga nesa.

Wanda ya koya mini haka shi ne Sephiroth na Final Fantasy VII, wasan da kamfanin Square na Japan ya fitar a 1997 a kan PlayStation. An daɗe ana wasan ba ka gan shi ba. Abin da kake gani sawunsa ne: jini shame-shame a benen kamfanin Shinra na cikin labarin, da doguwar takobinsa soke a bayan shugaban kamfanin. Can gaba akwai wata fadama da wani ƙaton maciji ke ciki, wanda in ka kuskura ka tsaya faɗa da shi a lokacin, lallasa ka zai yi. Dole ka je ka kamo tsuntsun hawa ka tsallake da gudu. Kana isa ɗaya gefen, sai ga irin macijin nan an tsire shi a kan itace kamar tsire a tukuba. A wurin nan ba wanda ya tsaya yi maka wa'azin ƙarfin Sephiroth. Hannunka ya riga ya san ƙarfin macijin, lissafin sauran kai za ka yi da kanka. Wannan dabara fim ba ya iya ta, domin mai kallo bai taɓa shan dukan macijin ba.

Sai kuma Sephiroth ya yi maka asara. A ƙarshen faifai na farko ya kashe Aerith, yarinyar da ka ɓata awanni kana ɗaga ƙarfinta, wadda ke warkar da tawagarka. Wasan yana da maganin tayar da wanda ya faɗi a fagen faɗa, amma a nan ba ya aiki. Gurbinta ya zauna fanko har ƙarshe. Mugun da bai taɓa raba ka da abin da ka sha wuya a kansa ba, kurari kawai yake yi.

Kefka na Final Fantasy VI, na 1994, ta wata hanya ya bi. Da shigar wawan sarki ya zo, ana yi masa kallon abin dariya, har ya zuba guba a ruwan shan masarautar Doma. A tsakiyar wasan kuma ya yi abin da miyagu ke alkawari ba sa cikawa, ya rusa duniyar, ka ci gaba da wasa a cikin kangonta.

Ni dai wanda ya fi tsaya mini a rai Gaunter O'Dimm ne na The Witcher 3, aikin kamfanin CD Projekt Red na Poland, 2015. A farkon wasan ka haɗu da shi a wata mashaya, mutum mai fara'a cikin kayan talakawa, ya nuna maka hanya, ka manta da shi. Sai a ƙarin labarin Hearts of Stone ya dawo da bashi a kanka. Ba ya tsawa, ba ya zare ido. Wani mashayi ya katse masa magana, sai ya tsayar da lokaci cak, ya gama zancensa a nitse, sannan ya ɗauki cokali ya cusa wa mutumin a ido. Har labarin ya ƙare ba a ba ka damar zare masa takobi ba. In kana son ƙwace ran mutumin da ya zo ɗauka, kacici-kacici zai ba ka, ga lokaci yana ƙurewa. Bisa ma'anar yaran shagon gem, shi ko bos ba ne.