Muhawara kan ɓangaren da ke kan gaskiya a Yaƙin Basasar Amurka

Yaƙin Basasar Amurka (1861 zuwa 1865) ya gudana tsakanin gwamnatin tarayya, wadda jihohin Arewa suka mara wa baya, da jihohi 11 na Kudu da suka ɓalle bayan an zaɓi Abraham Lincoln shugaban ƙasa a 1860. Ana kiyasin sojojin da suka mutu tsakanin 620,000 da 750,000. Tun da aka ajiye makamai ake ja-in-ja kan wanda ke kan gaskiya, da kuma ko ta'asar da kowane ɓangare ya tafka ta mai da su ɗaya.

Dalilin ɓallewa

Ƙidayar 1860 ta nuna bayi kusan miliyan 4 a ƙasar, akasarinsu a gonakin auduga, rake da taba na Kudu. Masana tarihi sun fi dogara da abin da shugabannin Kudu suka faɗa da bakinsu. Jihar Carolina ta Kudu, wadda ta fara ɓallewa ranar 20 ga Disamba 1860, ta yi ƙorafin cewa jihohin Arewa sun ƙi mayar da gudaddun bayi kamar yadda doka ta tanada. Sanarwar ɓallewar jihar Mississippi ta ɗaura matsayinta kai tsaye a kan bauta. A Maris 1861, mataimakin shugaban Kudu, Alexander Stephens, ya ce a Savannah ginshiƙin sabuwar gwamnatinsu shi ne baƙar fata ba daidai yake da farar fata ba. Tsarin mulkinsu ma ya hana yin dokar da za ta taɓa mallakar bayi. Masu cewa 'yancin jihohi aka yi wa yaƙi sukan tsallake wani abu: Kudu ce ta nemi tarayya ta tilasta wa Arewa kama gudaddun bayi da wata doka ta 1850.

Matsayin Arewa

Arewa ba ta fita yaƙi don 'yanta bayi ba da farko. A wasiƙarsa ga ɗan jarida Horace Greeley a Agusta 1862, Lincoln ya ce burinsa ceto haɗin kan ƙasa. Shelar 'yanta bayi da ya yi ranar 1 ga Janairu 1863 ba ta shafi Kentucky, Maryland, Missouri da Delaware ba, jihohin bauta da suka zauna cikin tarayya. Duk da haka baƙaƙen fata kusan 180,000 sun shiga rundunar Arewa, ciki har da Nicholas Said, haifaffen Kukawa a Borno. Gyara na 13 ga tsarin mulki ya haramta bauta a Disamba 1865.

Ta'asar yaƙi

Fursunonin Arewa kusan 13,000 sun mutu a sansanin Andersonville na Kudu, bayan yaƙi kuma aka rataye kwamandansa Henry Wirz. A Fort Pillow a 1864 sojojin Kudu sun kashe baƙaƙen sojojin Arewa da suka miƙa wuya. Arewa ma ba ta kuɓuta ba: Janar Sherman ya ƙone dukiyar fararen hula daga Atlanta zuwa Savannah, fursunonin Kudu kuma sun mutu da yawa a sansanin Elmira na Arewa.

Bayan yaƙi

Tsoffin jami'an Kudu, irin su Jubal Early, sun yaɗa labarin cewa kare gida suka yi, bauta ba ta ciki. Daga 1894 wata ƙungiyar matan Kudu ta riƙa kafa gumakan janarori. An sauke gunkin babban janar na Kudu, Robert E. Lee, da ke birnin Richmond a Satumba 2021.