Waiwaye: Jawabin alƙalin da ya kusa sa a rataye Woolmington

A Ingila, idan ana shari'ar kisan kai, mutum 12 daga cikin jama'ar gari ne ke yanke ko wanda ake tuhuma ya aikata laifin. Aikin alƙali shi ne ya warware musu doka kafin su keɓe su yi shawara. Yawancinsu ba su taɓa buɗe littafin shari'a ba, don haka abin da ya faɗa musu shi suke riƙewa hannu bibbiyu.

Tun 1762 wani masanin shari'a, Michael Foster, ya rubuta cewa da zarar an tabbatar mutum ya yi kisa, a ɗauka da gangan ya yi, sai in shi ya kawo hujjar akasin haka. Maganar ta daɗe tana yawo a littattafan lauyoyi.

Sai ga shari'ar Reginald Woolmington, ɗan shekara 21 mai aikin ƙodago a gona. Matarsa Violet ta yi yaji, ta koma wurin mahaifiyarta. Ranar 10 ga Disamba 1934 ya bi ta can da bindigar da ya datse wa baki, ya ɓoye ta cikin kwat. Harsashi ya fita, Violet ta mutu. Shi ya ce so ya yi ya tsorata ta da cewa zai kashe kansa, bindigar ta tashi bisa kuskure. A kotun Bristol, Alƙali Swift ya bi sawun Foster, ya gaya wa mutum 12 ɗin nan cewa Woolmington ne zai gamsar da su kuskure ne. Aka yanke masa hukuncin rataya.

A 1935 Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda ita ce kotun ƙoli a lokacin, ta soke hukuncin. Lord Sankey, ɗaya daga cikin alƙalanta, ya ce akwai zaren zinariya da ya ratsa dokar laifuka ta Ingila: mai gabatar da ƙara ne zai tabbatar da laifi, in ban da batun taɓin hankali da abin da doka ta keɓe. Dattawan ba su ce labarin Woolmington gaskiya ne ba, kuma ran Violet abin tausayi ne ƙwarai. Amma a ganina sun yi daidai, domin ɗora wa mutum nauyin wanke kansa alhali igiya na jiran wuyansa zalunci ne.

Najeriya ta gaji wannan ƙa'ida. Sashe na 36(5) na tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne har sai an tabbatar, kuma har gobe lauyoyinmu na kafa hujja da shari'ar Woolmington.