Tambarin garkuwa ba na duk mai sunan dangi ba ne

A shagunan tsaraba na Landan ana sayar da kofuna masu zanen garkuwa, da zaki ko gaggafa a tsakiya, an rubuta sunan dangi irin Smith ko Campbell a ƙasa, masu saye kuma su tafi da yaƙinin cewa tambarin kakanninsu suka samo. Ba haka abin yake ba. A Ingila, hukumar da ke kula da tambura, wadda Sarki Richard na Uku ya ba takardar kafuwa a 1484, mutum guda take mallaka wa tambari, sannan ya gangara ga zuriyarsa ta wajen uba. Haɗa suna da shi kawai ba ya ba kowa haƙƙi. A Sikotilan ma abin ya fi tsanani, domin amfani da tambarin wani laifi ne da kotun Lord Lyon, babban jami'in kula da tambura na ƙasar, ke hukuntawa.

Zaton cewa sai masu sarauta ke da tambari shi ma bai inganta ba. Fatake da masu sana'a, har da manoma a Normandi da ke arewacin Faransa, sun riƙe nasu. A 1696 Sarki Louis na 14 na Faransa ya tilasta yin rajistar tambura don tara kuɗi, har aka ƙaƙaba wa waɗanda ba su da shi.