Tiyatar Sankarar Mafitsara ga Tsofaffi Tukuf

Sankarar mafitsara ciwon daji ne da ke tsirowa a fatar cikin jakar fitsari. Ta fi kama maza, kuma galibin masu ita sun haura shekara 65. Shan taba ne babban sanadinta a duniya, amma a Gana akwai na biyu, wato tsargiya, wadda ta yaɗu a garuruwan bakin tafkin Volta bayan kammala madatsar Akosombo a 1965. Ƙwan tsutsar da ke kawo tsargiya kan maƙale a bangon mafitsara shekara da shekaru har wurin ya rikiɗe.

Dattijon da ya yi fitsarin jini yana yaro ba ya razana idan ya sake ganin ja a fitsarinsa yana ɗan shekara 80, balle ba zafi. Ya jiƙa sassaƙe ya sha, jinin ya ɗauke, ya dawo. Kafin 'ya'ya su ɗauko shi daga unguwar Aboabo ko Asawase zuwa asibitin koyarwa na Komfo Anokye a Kumasi, sau da yawa tsiron ya riga ya ci naman bango. Zurfin cin nan shi ke raba irin aikin da za a yi.

Idan tsiron yana sama-sama, ba a yanka ciki. Ana zura siririn bututu mai kyamara ta mafitar fitsari a kankare shi, yawanci da allurar baya da ke kashe rabin jiki, kuma tsoho kan jure wannan. Wani lokaci akan biyo da zuba maganin BCG, wato na rigakafin tarin fuka, cikin mafitsara, dabarar da aka fara a 1976. Sai dai ciwon mai komowa ne, dole a riƙa leƙawa da kyamara.

Idan ya shiga nama, babban aiki shi ne cire mafitsarar ɗungurungum. Aiki ne na sa'o'i da dama. Daga nan sai a sama wa fitsari hanya: a yanki guntun hanji, a haɗa shi da bututun ƙoda, a fito da bakinsa ta fatar ciki, salon da likita Eugene Bricker na Amurka ya bayyana a 1950. Ga mai rauni sosai akan fito da bututun ƙodar kai tsaye ba tare da taɓa hanji ba, don a gajarta aikin. Ɗinka sabuwar mafitsara da hanji kuwa ba kasafai ake yi wa tsoho ba.

Likitoci ba shekaru kaɗai suke ƙirgawa ba (da yawa daga dattawan zango, wato unguwannin Hausawa da sauran Musulmi a Gana, ma kintatar shekarunsu ake yi). Suna duba ƙarfin zuciya da huhu da ƙoda, da ko mutum na tashi daga tabarma da kansa, yana takawa masallaci, yana cin abinci, hankalinsa na nan. Ɗan shekara 85 mai kuzari kan fi ɗan 70 da ke kwance dacewa da wuƙa. Haɗarin dai babba ne: tsayawar hanji, ciwon huhu, daskarewar jini a ƙafa, da ruɗewa bayan aiki, har tsoho ya kasa gane jikokinsa na 'yan kwanaki. Wanda ba zai ɗauki wannan ba, akan kankare tsiron a haɗa masa da gashi (ƙona ciwon da hasken na'ura) da magani. Akwai na'urar gashi a Komfo Anokye da kuma asibitin Korle Bu a Akra.

Abin da ya fi sa dattawa turjewa shi ne jakar tara fitsari da za a manna a kan fatar ciki, fitsari na ɗiga dare da rana. Tambayar farko ita ce ta sallah. A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawan mutanen zango ke bi, fitsarin da ke zuba ba yankewa ba ya warware alwala. Saura kuɗin jakar, wadda ake canzawa duk bayan 'yan kwanaki, da wanda zai riƙa canza ta idan hannun Baba na rawa.