Dokar ma'adinai ta Saudiyya: abin da lasisin bincike ya halatta da abin da ya hana

Da yawa daga cikin 'yan uwanmu mazauna Jidda da Makka da Madina sun san harkar zinari tun daga gida, ko a Zamfara, ko a Agadas, ko a arewacin Sudan, inda mutum kan ɗauki na'urar gano ƙarfe ya shiga daji ya gwada sa'arsa. A Saudiyya wannan hanya a toshe take, kuma doka ce ta toshe ta.

Dokar zuba jari a harkar ma'adinai ta fito ne a shekarar 2020, ta fara aiki a watan Janairun 2021, kuma Ma'aikatar Masana'antu da Albarkatun Ƙasa ce ke kula da ita. Ginshiƙinta guda ne: duk wani ma'adini da ke bisa ƙasa ko ƙarƙashinta, ko a cikin ruwan masarautar, na gwamnati ne. Ko gonarka ce, ko filinka ne mai takarda, abin da ke binne a ciki ba naka ba ne. Man fetur da iskar gas ba sa cikin wannan doka, tsarinsu daban. Sauran kuwa an kasa su uku: rukunin farko ƙarafa irin su zinari da tagulla da kuma duwatsu masu daraja, na biyu ma'adinan masana'antu, na uku kayan gini kamar yashi da tsakuwa.

Lasisin mataki-mataki ne, kuma ta shafin ma'aikatar mai suna Ta'adeen ake nema. Na farko shi ne na leƙen wuri, wanda ake ce wa istiɗla'i, wa'adinsa har shekara 2. Da shi ake duba duwatsun da suka fito fili, a ɗebi ɗan samfurin ƙasa da rairayin kwari, a auna maganaɗisun ƙasa da na'ura. Bai keɓe maka wurin ba, wani ma yana iya riƙe irinsa a kan fili ɗaya da kai.

Na biyu, lasisin bincike da ake ce wa kashafi, shi ne zuciyar aikin. Ga rukuni na farko da na biyu ana bayar da shi har shekara 5, ana sabuntawa, amma jimilla ba ta wuce shekara 15, faɗin wurin kuma bai wuce murabba'in kilomita 100 ba. Kamfani mai rajista ake ba shi, ba mutum da jakarsa ba, kuma doka ta yarda baƙo ya mallaki kamfanin baki ɗaya. Mai wannan lasisi shi kaɗai ke da ikon bincike a wurin, kuma idan ya gano abin kirki ya cika sharuɗɗa, shi ke da haƙƙin neman lasisin haƙa. Wannan haƙƙi shi ne ainihin abin da kamfanoni ke zuba kuɗi dominsa.

To amma a kula. Kashafi izinin nema ne, ba izinin ciniki ba. Kana iya yanka rami mai tsawo ka ga yadda jijiyar dutse mai ɗauke da ma'adini ta kwanta, kana iya huda ƙasa, kana iya kai samfuri ɗakin gwaji. Ranar da ka fara niƙa dutse kana kai zinari kasuwa, ka fita daga hurumin takardarka.

Me ya sa doka ta ba da shekaru masu yawa haka? Saboda abin da ido ya gani a sama ba ya nuna abin da ke ƙasa. Injin huda mai bakin lu'ulu'u yana fito da dutse dogo, mulmulalle kamar rake, a jera shi cikin akwatuna, a rubuta zurfin kowane yanki. Sai a tsaga shi biyu da zarto, rabi ya tafi gwaji, rabi a adana shi shaida. A ɗakin gwaji ana niƙe shi gari, a ɗebi giram 30 ko 50 a narka da wuta, a faɗi giram nawa na zinari ke cikin tan guda na dutse. Ma'adanai da yawa a duniya da giram ɗaya ko biyu a tan suke aiki, don haka ƙaramin kuskure kan rusa lissafi duka. Ƙwayar zinari ɗaya da ta faɗa cikin samfuri tana iya sa sakamako ya yi tashin gwauron zabi, ramin da ke kusa kuma ya fito fayau. Shi ya sa masu aikin tsakani da Allah ke cusa samfurin da babu komai a cikinsa, da wanda an riga an san adadinsa, cikin jerin da suke aikawa, don su kama ɗakin gwajin idan ya kauce. Wani kuskuren kuma shi ne huda rami a bi tsawon jijiya maimakon a ratsa ta, sai siririyar jijiya ta fito kamar mai kauri.

Riƙe fili babu aiki bai halatta ba. Akwai tsarin aiki da ka miƙa wa ma'aikata, akwai mafi ƙarancin kuɗin da za ka kashe kowace shekara, akwai rahotanni. A ganinmu wannan sharaɗi ya fi kowanne amfani, domin shi ke hana dillalan takarda kame wuri suna jiran mai saye. Bayanan da aka tara kuma a ƙarshe suna komawa taskar bayanai ta Hukumar Binciken Ƙasa ta Saudiyya da ke Jidda, kuma mai hankali can yake fara dubawa kafin ya kashe riyal ɗaya. Yammacin ƙasar, yankin tsofaffin duwatsun da ya haura murabba'in kilomita 600,000, nan ne wuraren haƙar ma'adinai na Mahdu Zahab da Jabal Sayid suke, kuma tsofaffin ramukan da mutanen zamanin da suka haƙa suna cikin alamun da masana ke bi har yau. Wasu wuraren ma ba a bayar da su ga wanda ya riga zuwa, gasa ake sawa, kamar yadda aka yi da filin ma'adinai na Khunaigiyya a 2022. Wurare masu tsarki da filayen soja kuwa babu zancen lasisi a kansu.

Kafin a kai ga lasisin haƙa, mai wa'adi har shekara 30 da damar sabuntawa, sai an kawo nazarin da ya nuna aikin zai ci riba, da nazarin tasirinsa ga muhalli da mutanen yankin, da tsarin gyara wurin bayan an rufe, tare da ajiye kuɗin lamuni.

Hukunci kuma ba wasa ba ne. Wanda ya haƙa neman ma'adinan rukunin farko, ko ya ɗebi ma'adini don sayarwa ba da lasisi ba, yana iya shan ɗaurin har shekara 2, ko tarar da ta kai riyal miliyan 1, ko duka biyun. Don haka idan wani ya zo maka da tayin aikin tuƙa katafila ko gadin rami a bayan gari, ka tambayi sunan kamfanin da lambar lasisinsa da irin lasisin, ka kuma tabbatar aikin ya dace da ikamarka, wato takardar izinin zamanka, kafin ka hau mota.